Bareyin Richmond: Ina Tausayi Yake?

A gefen birnin Landan, a ƙasar Ingila, akwai wani babban fili da ake kira Richmond Park. Sarki Charles na Ɗaya ya kewaye shi da katangar tubali a shekara ta 1637 domin farauta. Yau gidaje sun sa shi a tsakiya, bareyi wajen 600 kuwa suna kiwo a ciki, irin na Turai masu ƙaho kamar reshen itace.

Kowace shekara akan rufe ƙofofi da dare, maharba su harbe waɗansu, a sayar da naman. Mutane da dama suna cewa wannan mugunta ce. Ba mu raina tausayinsu ba, gama wanda ya ga 'yar barewa tana bin uwarta ba zai so jin ƙarar bindiga ba.

Amma fa mu tambaya: wa ya sa su cikin wannan hali? A dā kyarkeci ne yake rage su, mutum ya ƙare shi a Ingila tun ɗaruruwan shekaru. Katanga kuma ta hana su fita neman abinci. A ganinmu, wanda ya yi waɗannan abu biyu, aikin kyarkeci ya koma wuyansa. In ya ƙi, za su yi ta haihuwa, su cinye ciyawa da itatuwa tun suna tsiro, tsuntsaye su rasa wurin sheƙa, sa'an nan yunwa da ciwo su ɗauke su kaɗan kaɗan cikin hunturu. Wannan ma kisa ne, ko da ba wanda ya taɓa bindiga.

A watan Nuwamba mata ake harbi, gama su ne masu haihuwa. Maza sai Fabrairu.