Tsakuwa a Gari

Wani matashi ya ɗauki aikin ƙunsa wata 'yar manhaja domin ta shiga rumbun Debian. Mai duba masa aiki wani dattijo ne da ya daɗe a harkar, mai ƙarancin magana.

Da matashin ya kwance ƙullin da marubucin manhajar ya saki, sai ya tarar da wani fayil mai suna configure, layi dubbai, wanda ke bincika kwamfuta kafin a harhaɗa manhajar. Fayil ɗin ya kasa gano wani abu da manhajar ke buƙata. Ya lalubo layin, ya gyara da hannu, komai ya tafi daidai. Washegari ya sake harhaɗawa da kayan aikin Debian, gyaran ya ɓace kamar ba a taɓa yi ba.

Ya kai kuka. "Malam, na rantse na gyara."

"Wa ya rubuta fayil ɗin da ka gyara?"

"Marubucin mana."

"A'a. Autoconf ne ya haife shi daga configure.ac, wani gajeren fayil da ke gefensa. Tun debhelper na 10, Debian kan sake haifar waɗannan fayiloli duk lokacin harhaɗawa. Tsakuwa kake tsincewa a tuwo, alhali tana cikin gari."

Sai ya nuna masa: a gyara configure.ac, a ajiye gyaran a matsayin faci cikin debian/patches da bayanin dalili a samansa, a rubuta layi ɗaya a kundin canje-canje. Facin bai wuce layi uku ba. Kowa zai iya karanta shi kafin shayinsa ya huce.

Matashin bai gamsu ba, kuma gaskiya tambayarsa tana da ma'ana. "To me ya sa muke wahalar da kanmu? Wanda marubucin ya aiko ai da na gyara shi ya yi aiki."

Dattijon ya ce dalili na farko tsufa ne: fayil ɗin da aka haifa tuntuni ba lallai ya san sababbin injina irin su riscv64 ba. Na biyun kuwa sai da ya gyara zama.

A ranar 29 ga Maris 2024, Andres Freund, injiniyan da ke aiki kan PostgreSQL, ya sanar da duniya abin da ya gano bayan ya lura shiga kwamfutarsa ta ssh na ɗaukar ƙarin kusan rabin daƙiƙa. Ya bi diddigi har xz, manhajar matse fayiloli da kusan kowace Linux ke ɗauke da ita. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe fiye da shekara biyu yana taimaka wa mai kula da ita, Lasse Collin, har aka yarda da shi, sannan ya dasa ɓarauniyar hanya a fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1. Makullin abin yana cikin build-to-host.m4, fayil ɗin da ke cikin ƙullin da aka saki amma babu shi a Git, inda idon jama'a yake. Ya ɓuya a tsakiyar rubutun inji, wurin da kowa ke tsallakewa.

"Ke nan sake haifarwa ce maganin," in ji matashin.

"Kada ka yi saurin murna, yaro. autoreconf, mai sake haifar fayilolin, ba lallai ya taɓa abin da ya tarar a zaune ba. Goge tsofaffin fayilolin tukuna, ka haifo naka, sannan ka gwada ƙullin da abin da ke Git."

Ya koma ya yi haka. Fayiloli suka dace, sai guda ɗaya a cikin fayilolin .m4 da ya bambanta da layi biyu. Gabansa ya faɗi. Ya karanta su a tsanake: tsohon gyara ne na gaskiya, marubucin ya yi da hannu ya manta bai sa a Git ba.

"Ba komai ba ne ashe, Malam."

"Rubuta masa ya mayar da shi inda ake gani."

Ya rubuta. Marubucin ya amsa da godiya, ya ce shi kansa ya manta da layukan nan, ya shigar da su Git a daren.