NEMAN CIWO ALKAWARI NE

Jama'a, ga wata tambaya. Yaro yana wasa a tsakar gida, ba ya kuka, uwarsa ba ta kai shi likita ba. Sai ga ma'aikatan lafiya sun zo gari, sun ce za su auna dukan yara. Shin daidai ne a nemi ciwo a jikin wanda bai ce yana ciwo ba?

Wani zai ce wannan tonon fitina ne. Amma akwai ciwon da ke shiga a ɓoye, kamar yadda gara ke cin rumbu daga ƙasa. Tamowa haka take. Yaro yana ramewa kaɗan kaɗan, idon da ke ganinsa kullum ba ya lura. A shekarar 2005, bayan fari da fara sun ci gonaki, tamowa ta yi ɓarna a jihar Maraɗi, har da Tasawa da Mayahi. A wannan shekara likitocin MSF sun yi jinyar yara fiye da 60,000 a Nijar. Da yawa an kai su ne bayan jiki ya riga ya lalace.

Shi ya sa ake auna dantsen yara, daga mai wata 6 zuwa mai shekara 5, da wani ɗan zare mai launi uku. Tsanwa, lafiya lau. Ruwan ɗorawa, a yi hattara. Ja, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, a kai yaro likita ranar nan.

To, amma awo ba magani ba ne. Tun 1968 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga sharuɗɗa 10 na irin wannan bincike, waɗanda likitoci biyu, Wilson da Jungner, suka tsara. Ga huɗu daga ciki. Ciwon ya zama mai muhimmanci. Ya kasance yana da magani, kuma akwai wurin ba da shi. Awon ya zama wanda jama'a suka yarda da shi. A riƙa maimaita shi, kada a yi sau ɗaya a tafi.

Ku duba sharaɗi na biyu. An ce wa uwa ɗanta ya faɗa ja. Ta bar noma, ta goya shi, ta yi tafiyar rabin yini cikin rairayi. Idan ta tarar babu abincin gyaɗan nan mai magani, me aka ba ta? Tsoro kawai. Gobe in masu awo sun dawo, za ta ɓoye yaron a ɗaka. Wanda ya auna ya ɗauki alkawari, alkawari kuwa kaya ne.

Mu ma da namu kayan. Kada mu yi wa uwar mai tamowa gori, domin kunya ke sa a ɓoye yaro. Maigida kuma ya ba da izni da guzuri.

A Mirriya, cikin jihar Damagaram, an koya wa iyaye mata awon a 2013 da 2014, aka ga sun iya kamar ma'aikata. Ke ma za ki iya. Ki nemi zaren a likitar garinku, ki riƙa auna ɗanki, musamman da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma zazzaɓi ya yi yawa. Idan kin ga ja, kada ki jira ranar kasuwa.