Ledar da ka yar, ina ta tafi?



Ka shiga kanti ka sayi sabulu ɗaya. Yana cikin takarda, takardar tana cikin kwali, mai kanti kuma ya ƙara maka leda. Kana isa gida duk sun zama shara. Sai mu ce laifin kamfani ne. To, kamfanin ne ya jefa ledar a kwata?

Leda ba ta ruɓewa kamar ganye. Ita ke toshe magudanar ruwa, damina ta zo ruwa ya shiga ɗakin maƙwabcinka. Ita mahauta ke tararwa a tumbin akuya da saniya. Wanda ka cutar bai san ka ba, amma Allah Ya san hannun da ya yar.

Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya a 2017. Mu sai an kafa mana doka? Ai addininmu ya sanya kawar da abin cutarwa daga hanya cikin imani.

In za ka kasuwa, ɗauki jakarka. Abin da hannu zai iya riƙewa, ka ce: "Bar ledar, na gode." Kai kuma mai kanti, tambayi mutum kafin ka ƙulla masa.

Allah Ya sa mu gyara.