Mazubin Tokar Sigari A Cikin Jeren Ɗaki: Ado Ne Ko Talla?

Yau wata tambaya na kawo mana, wadda da jin ta za ki ce ƙarama ce, amma ni sai da ta hana ni barci.

A ajin matan aure da nake koyarwa bayan la'asar, wata ɗaliba ta tsayar da ni bayan an tashi, ta ce, "Malama, ina da tambaya, amma don Allah kada ki yi mini dariya." Wai a wajen masu kayan gwanjo ta ga wasu 'yan faranta na gilashi masu kauri da nauyi, wani kore shar, wani ja kamar garwashi. Ta riƙa saye ɗaya bayan ɗaya har suka kai goma sha ɗaya, ta jera su a shogilas. Ranar da surukarta ta zo, ta ƙura musu ido, ta ce, "Ke 'yar nan, yaushe ɗana ya fara shan taba?" Ashe mazubin tokar sigari ne. Maigidan kuwa ko warin taba ba ya so. Hajiya ta ce a fitar da su, ita kuma ta kashe kuɗinta, kuma tana son kayanta. "To Malama, zunubi ne in na ajiye su?"

Har na buɗe baki zan ce ta zubar, sai na tuna ni ma ina da guda ɗaya a gida. Na tagulla ne, aikin Bida, na marigayi mahaifina, Allah Ya jiƙansa. Sai na ce ta ba ni mako guda in yi bincike.

Bari mu fara da asalin abin. A tsakiyar ƙarnin da ya wuce, a Turai da Amurka, da wuya ki shiga otal ko ofis ko falon mai hali ba ki ga mazubin toka a kan tebur ba. Har cikin mota da jirgin sama akwai shi. Masu sana'a suka mayar da shi fagen nuna gwaninta, musamman masu aikin gilashi na tsibirin Murano da ke kusa da birnin Banis a Italiya. Kamfanoni kuma suka mayar da shi allon talla: masu giyar Cinzano da Ricard suna buga sunansu a jiki suna rarraba wa mashaya, kamfanin tayar Michelin yana ɗora ɗan mutum-mutuminsa a kai. Daga nan zamani ya juya. A 1950 masu binciken Ingila biyu, Richard Doll da Bradford Hill, suka fitar da binciken da ya danganta sigari da sankarar huhu. A 1964 babban likitan gwamnatin Amurka ya fitar da rahoto a kan haka. Ƙasar Ayilan ta hana shan taba a wuraren aiki a 2004, Ingila ta bi sahu a 2007, Nijeriya ma ta yi dokar taƙaita taba a 2015. Da aka kwashe mazuban daga tebura, sai suka koma kayan tarihi. Yau a can akwai masu tara su kamar yadda wasu ke tara tsofaffin kuɗi, suna jera su a kanta ko su zuba 'yan kunne da makullai a ciki, da yawansu ba su taɓa kunna sigari ba. Ragowar ne ke biyo kayan gwanjo su iso mana.

Mu kuwa ba baƙi ba ne a wajen ado da mazubi. Kakanninmu sun jera ƙore da tasoshi, iyayenmu sun jera kwalla da langa da samira har kusan rufin ɗaki, mu muka zo da tangaran. Ba wadda ta taɓa cin tuwo a kwallar jere. Saboda haka ajiye mazubi don kyansa kawai al'ada ce da muka gada. Inda gizo ke saƙa shi ne: shin abu yana rabuwa da aikin da aka ƙera shi dominsa?

Mai cewa yana rabuwa tana da hujja. Asalin abubuwa halacci ne har sai dalili ya zo da hani. Gilashi ba shi da niyya, ba a rubuta masa lada ko zunubi. Da wuƙa guda ake yanka ragon layya, da ita ake ta'asa. Akwai ma misali a Sunna. Lokacin da tawagar Abdul Ƙais ta zo Madina, Manzon Allah (SAW) ya hana su jiƙa dabino a mazubai huɗu: duma, da koren tulu, da kututturen dabino da aka rarake, da mazubin da aka shafe da kwalta, domin jiƙo yana saurin zama giya a cikinsu. Daga baya, kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim, aka sassauta hanin mazuban, haramcin ya tsaya a kan abin da ke sa maye, ko da yake Imamu Malik ya ci gaba da ƙyamar jiƙo a biyu daga cikinsu. Kin ga ashe laifin ba a jikin tulun yake ba.

Amma mai cewa ba ya rabuwa ita ma ba da ka take magana ba. Wannan ƙissar dai ita ce ta nuna an taɓa hana mazubi saboda abin da yake kaiwa gare shi, a lokacin da mutane ba su daɗe da rabuwa da giya ba. Wannan shi ne abin da malamanmu na Malikiyya ke kira toshe kafar ɓarna. To mu mun yi nisa da taba ne? A bakin kowane layi akwai mai tebur da ke sayar da ita kara-kara, kuma 'ya'yanmu ake aika. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe mutum fiye da miliyan 7 duk shekara, cikinsu har da waɗanda ba su sha, hayaƙin wasu kawai suke shaƙa. Malamai da yawa a yau sun tafi a kan haramcinta, masu sassautawa suka ce makaruhi ce. Ba wanda ya ce abin ado ce.

Abin da ya warware mini zaren shi ne ƙissar Nana A'isha (RA) da labulenta mai hotuna, wadda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Manzon Allah (SAW) ya ƙi labulen yana rataye. Ta yayyanka shi ta yi matashin kai, aka ci gaba da amfani da shi a gidan. Ƙyallen bai canza ba, matsayinsa ne ya canza. Da yana sama inda ake girmamawa, ya dawo ƙasa inda ake hidima da shi.

'Yar'uwa, falonki makaranta ne, ko kin sani ko ba ki sani ba. Abin da kika ɗora a sama kika goge masa ƙura kullum, kin gaya wa yaranki cewa abu ne mai daraja, ko ba ki furta ba. Ni shaida ce. Ɗana mai shekara shida ya taɓa nuna 'yan tsagin da ke bakin mazubin tagullar nan ya ce, "Umma, wannan na mene ne?" Na ce ado ne. Wallahi ƙarya na yi masa, kuma ni ce mai koyar da babin gaskiya a makaranta. Na kasa gaya masa cewa a nan kakansa ke ɗora karan sigari, kakan da ya yi shekara biyu yana tari kafin ya rasu. Adon da sai kin yi wa ɗanki ƙarya kafin ki kare shi, akwai magana a kansa.

Ga abin da na gaya wa ɗalibata da muka sake haɗuwa. Na ce ban ga dalilin da zan ce mata mallakar gilashin zunubi ba ne, amma ta zauna ta tace kayan. Duk wanda ke ɗauke da sunan giya ko na sigari, ko mutum-mutumi, ko hoton tsiraici, ta rabu da shi, domin talla ne, kuma ba a biya ta ko sisi ba. In akwai na azurfa zalla ta sayar, tunda a mazhabarmu ko ajiye mazubin zinariya da azurfa an hana, har ga mace. Sauran ta sauke su daga shogilas ta ba su aiki: wannan na allura da zare, wancan na makullai. Kada ta bar ko ɗaya fanko a teburin baƙi, domin mazubin toka a tsakar falo izini ne ga mai sha ya kunna. Sannan ta daina ƙarawa, don tara abin da ba a buƙata ƙofar almubazzaranci ce, ga marayu a unguwa. Na kuma tuna mata cewa zaman lafiya da uwar mijinta ya fi gilashin Italiya tsada. In bayan duk wannan ran Hajiya bai kwanta ba, ta haƙura da su gaba ɗaya, ba ta yi asara ba.

Nawa kuwa ban zubar ba, don shi kaɗai ya rage mini daga kayan Baba. Na sauke shi daga kanta, yanzu a ciki nake sa garwashin turaren wuta. Na kuma kira yaron na gaya masa gaskiyar abin da tsagin nan yake yi, da abin da taba ta yi wa kakansa, muka yi masa addu'a tare.

Wannan fahimtata ce, in na yi kuskure malamai su gyara mini. Allah Ya tsare mana zuri'armu daga shaye-shaye, Ya jiƙan iyayenmu, Ya sa gidajenmu su zama masu koyar da alheri. Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum.