Lafiyar Gidanka, Taka Ce Kai Kaɗai?

'Yan'uwa, akwai wata magana da muke yawan ji idan aka yi wa magidanci zancen tsabtar gidansa ko rigakafin 'ya'yansa. Sai ya ce, "Gidana ne, 'ya'yana ne, ina ruwan wani?" Maganar tana da kamannin gaskiya, gama kowane mutum yana da iko a kan gidansa. Amma ya kamata mu auna ta da kyau. Ashe, lafiyar iyali a bakin ƙofar gida take tsayawa, ko kuwa hakki ne da ke kan kowannenmu game da maƙwabcinsa?

Bari mu dubi unguwar Hashimi a Suleja. Tun da aka mai da mazaunin gwamnatin tarayya Abuja a 1991, Suleja ta cika da ma'aikata da 'yan kasuwa waɗanda ke kwana a nan su yi sammako zuwa birni, saboda haya ta fi sauƙi. A irin wannan zama, sau da yawa iyalai da dama ne a gida ɗaya. Rijiyarsu ɗaya, bayan gidansu ɗaya, kwatarsu ɗaya, mai ga-ruwa ɗaya ne kuma ke kawo musu jarka. To, a nan ina iyakar "nawa" da "naka"?

Cutar kwalara ba ta san wannan iyaka ba. Ƙwayarta tana fita cikin bayan gidan wanda ya kamu, ta sami hanyar shiga ruwa ko abinci, ta kai ga wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. A 1854, a birnin Landan, wani likita mai suna John Snow ya bi sawun mutanen da annobar ta kashe a wata unguwa, ya tarar yawancinsu daga famfo ɗaya suke ɗiban ruwa. A ƙasarmu kuwa, a 2021, an lissafta fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara, fiye da 3,000 suka rasu. Wanda ya haƙa masai kusa da rijiya, ko ya zubar da kashin yaro a kwata, ya yi abin a gefen gidansa ne, amma wani ne zai sha sakamakon.

Haka yake da randa. Suleja gari ne da ya yi suna a ginin tukwane, nan ne Ladi Kwali, wadda hotonta ke kan takardar naira 20, ta yi aikin da ya sa duniya ta san ta. Kyakkyawar al'ada ce a ajiye randa a tsakar gida, baƙo da yaron maƙwabta su sha. Amma idan randar ba ta da murfi, modar kuma tana yawo a ƙasa, kowa na tsoma hannu, sai alherin ya koma cuta. Wanda ya ba da ruwa, shi ke da alhakin tsabtarsa.

Rigakafi ya fi koya mana wannan darasi da zafi. A 2003 aka dakatar da allurar shan-inna a Kano da wasu jihohin Arewa, saboda jita-jitar cewa an gurɓata maganin. Tsoron iyayen yana da tushe, gama ba su manta da gwajin maganin da wani kamfanin waje ya yi wa yara a Kano ba a lokacin annobar sanƙarau ta 1996. Duk da haka, kafin a koma yin allurar a 2004, cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama, daga baya ta kai har Yaman da Indunusiya. Yaran da iyayensu ba su taɓa jin sunan Kano ba suka gurgunce. Sai a watan Agusta na 2020 aka tabbatar cewa Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. Uban da ya hana ɗansa rigakafi yana yanke hukunci ne har a kan jaririn maƙwabcinsa wanda bai isa a yi masa ba tukuna.

Wani zai ce, "Ai wannan aikin gwamnati ne. Ita ya kamata ta kawo ruwan famfo, ta gyara magudanai. Talaka da ke neman na tuwo, ina ya ga kuɗin gawayin dafa ruwa?" Wannan ƙorafi ba na banza ba ne, kuma daidai ne jama'a su nemi hakkinsu wurin shugabanni. Ba za a ɗora wa mutum abin da ya fi ƙarfinsa ba. Amma gazawar babba ba ta wanke ƙarami daga abin da ke hannunsa. Rufe randa ba ya cin kuɗi. Cike ramin da ruwan sama ya kwanta a ƙofar gida, inda sauro ke ƙyanƙyashewa cikin mako ɗaya ko biyu, aikin yamma ɗaya ne. Wanke hannu da sabulu bayan an fito daga bayan gida da kuma kafin a taɓa abinci, kowa zai iya.

Akwai kuma hakkin faɗin gaskiya. Kunya takan sa mu ɓoye amai da gudawa a gida, kada a ce mu ƙazamai ne. Wannan ɓoyo yana cutar da mutum biyu: mara lafiya, wanda ruwan jikinsa zai iya ƙarewa cikin sa'o'i kaɗan, da maƙwabci, wanda da ya sani da ya dafa ruwansa. Abin da ya dace shi ne a fara ba mara lafiya ruwan gishiri da sukari nan da nan. Idan babu na leda, a zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, a garzaya asibiti, a kuma sanar da 'yan gida. Uwar da ta san wannan haɗi ta koya wa ta kusa da ita, ko a taron zumuntar mata ko a bakin rijiya.

Hausawa suna cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Akwai hikima a ciki, amma ba ta isa ba. A gidan da aka haɗa rufi, wanda ya jiƙa gemunsa ya zauna, wutar za ta same shi ta wani wuri. Ƙaunar maƙwabci ita ce a ɗauki ruwan a kai wa wanda wutar ta kama, a kuma lura kada tartsatsin ya tashi daga murhunmu. Allah ya ba mu zuciyar yin haka. Amin.