Komawa Kan Gaskiya Ba Kasawa Ba Ce

Abin da ya fi yi wa mai ilimi wuya shi ne ya janye maganar da ya riga ya faɗa a bainar jama'a. Tsoronsa kada a ce ya yi amai ya lashe. Saboda wannan tsoro sai ka ga malami ya kafe kan kuskuren ƙuruciyarsa har furfura ta cika masa kai, yana ta lalubo masa hujjoji. Rayuwar Robert Penn Warren, marubucin Amurka, ta nuna cewa mai janye kuskurensa daraja yake ƙarawa.

An haifi Warren a 1905 a garin Guthrie na jihar Kentucky, a kudancin Amurka, inda doka ta raba farar fata da baƙar fata a makaranta da jirgin ƙasa da gidan abinci. Ya yi karatu a Jami'ar Vanderbilt, daga baya ya wuce Oxford a Ingila. Yana can ya rubuta maƙala mai suna "The Briar Patch", wadda ta fito a 1930 cikin littafin da shi da wasu marubutan kudu goma sha ɗaya suka haɗa. A cikinta ya goyi bayan wariyar launin fata: a yi wa baƙar fata adalci, a ba shi ilimi, amma ya tsaya a gefensa. Lokacin shekarunsa ashirin da biyar.

Daga nan tauraronsa ya haska. Ya koyar a Jami'ar Jihar Louisiana, inda shi da Cleanth Brooks suka fitar da Understanding Poetry a 1938, littafin da ya sauya yadda ake koyar da waƙa a jami'o'in Amurka. Ya koyar a Minnesota da Yale. Labarinsa All the King's Men ya ci kyautar Pulitzer a 1947, waƙoƙinsa suka ci ta a 1958 da 1979, kuma har yau babu wanda ya haɗa ta a fannonin biyu sai shi.

Mutumin da ya kai nan yana da hanyoyin zillewa. Yana iya yin shiru, tunda maƙala ɗaya ce cikin tarin rubuce-rubuce. Yana iya fakewa da ƙuruciya. Yana ma iya cewa shi mai sassauci ne tun farko, domin ɗaya daga cikin abokan aikin littafin 1930 ɗin, Donald Davidson, ya yi ƙorafin cewa maƙalar ta cika tausaya wa baƙar fata. Warren bai bi ko ɗaya ba.

Bayan Kotun Ƙolin Amurka ta haramta wariya a makarantun gwamnati a 1954, ya koma kudu yana bi gari-gari, yana tambayar farare da baƙaƙe, ya fitar da littafin Segregation a 1956, inda ya bayyana cewa yana goyon bayan kawar da wariya. A 1964 kuma ya ɗauki rikoda ya shiga neman jagororin gwagwarmayar baƙar fata. Ka dubi dattijo ɗan kusan shekara sittin, jikan sojan da ya yi yaƙin basasar Amurka a ɓangaren kudu masu riƙe bayi, malamin da ya saba ɗalibai su yi tsit su saurare shi, ga shi zaune gaban Malcolm X da Martin Luther King da James Baldwin, faifai yana juyawa, shi ne mai tambaya, su ne masu bayani. Hirarrakin suka zama littafin Who Speaks for the Negro? a 1965. A cikinsa ya tono tsohuwar maƙalarsa da hannunsa, ya faɗi abin da ta ƙunsa, ya nesanta kansa da ita.

A nan darasin yake. Hausawa sun ce kowa ya tuba don wuya ba lada. Warren babu kotun da ta kira shi, babu wanda ya yi barazanar raba shi da aikinsa. Kuma bai tsaya ga cewa "na yi kuskure" ba: ya taka ƙafa ya je wurin mutanen da alƙalaminsa ya taɓa ƙasƙantarwa, ya ba su shafukan littafinsa su yi magana da bakinsu. Kuskuren da aka yi a rubuce, a rubuce ya gyara shi.

Wani zai ce ai ya makara, shekara ashirin da shida ba kwana biyu ba ne, kuma a tsawonsu mutane sun sha wuya ƙarƙashin dokar da ya taɓa karewa. Gaskiya ne, kuma gyaran bai goge wannan ba. Amma cikin abokan tafiyarsa akwai wanda ya mutu yana kare wariya, kamar Davidson ɗin nan. Jinkirin dawowa aibi ne, ƙin dawowa kuwa ya fi shi muni.

Warren ya rasu a 1989, shekara uku bayan an naɗa shi mutum na farko da ya riƙe sarautar mawaƙin ƙasa a Amurka. Ya kai malami, ya kai marubuci, duk mai almajirai ko masu sauraro: idan ka gano ka taɓa koyar da ba daidai ba, ka koma inda ka faɗa, ka gyara da muryar da ka yi kuskuren, tun kana da rai.