Mai Jirgi Ya San Ƙasan Tankinsa

Daga watan Nuwamba zuwa Janairu, mashigin Porto Grande da ke gaban birnin Mindelo kan cika da ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da iska. Mindelo na kan tsibirin Sao Vicente ne a ƙasar Kabo Verde, can cikin Atlantika, yamma da Senegal. Masu jiragen yawancinsu Turawa ne, wasu miji da mata, wasu har da 'ya'yansu. Sun gangaro daga tsibiran Kanari, sun yada zango nan kafin su tsallaka zuwa Karibiyan, tafiyar mil na teku sama da 2,000, wadda kan ci mako biyu zuwa uku ba a ga tudu ba.

Wanda ya hango su daga gaɓa zai ɗauka hutu kawai suke sha. Ga su dai zaune a inuwa da kofin shayi. Amma da asuba, kafin a ɗora shayin nan, sai mai jirgi ya leƙa ya ga ko ankarsa ta riƙe ƙasa cikin dare, domin iskar Mindelo kan taso da ƙarfi, kuma jirgin da ankarsa ta sulale kan maƙwabcinsa zai faɗa. Daga nan sai ya duba batir, ya ga nawa firji ya sha. Lokacin ya yi daidai da hunturu, kuma hazon da ke rufe Zinder da Kano daga Saharar nan yake tasowa ya ƙetara teku har tsibiran Kabo Verde. Ƙura ta kwanta a kan farantin sola, wuta ta ragu, dole a sa tsumma a goge.

Babban lissafi kuwa na ruwa ne. Tankin irin wannan jirgi bai cika wuce lita 300 ko 400 ba, ga shi kuma an kewaye shi da ruwan da ba ya shayuwa. Saboda haka ake wanke kwanuka da ruwan teku, a ɗauraye da ɗan na daɗi, kamar cikin kofi ɗaya. Mai goge haƙori ba ya barin famfo yana zuba. A jirage da yawa ma da ƙafa ake taka famfon, ruwa ya fito gwargwadon takun. Wanka da gora ake yi. Idan tanki ya yi ƙasa, wanda ba ya ɗaure a ma'ajiyar jirage sai ya jera jarkokinsa a ƙaramin kwalekwalen roba, ya je gaɓa ya saya, ya dawo yana ɗaga kowace mai lita 20 zuwa saman jirgi, igiyar ruwa na jijjiga shi. Duk gidan da ya taɓa dogara ga mai ga-ruwa ya san yadda hannu ke koyon tsimi idan kowace jarka da kuɗinta, sai dai nan har da ciwon baya.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, wannan ƙunci bai hana su jin daɗi ba. Mutumin da ya san lita nawa ta rage masa, ya san kwana nawa za ta kai shi, barcinsa yake yi. Mu da ruwa ke zo mana ta bututun da ba mu san mafarinsa ba, wuta ta wayar da ba mu san inda ta fito ba, ranar da aka ɗauke sai mu ji kamar daga sama. Albashi ma haka da yawanmu muke cinsa, sai an ji ƙarar ƙasan tanki a tsakiyar wata. Mai jirgi bai fi mu hankali ba. Iyakar abinsa ce ke gaban idonsa kullum, tamu kuwa bango ya rufe ta.

Idan ya shiga gari, sai ya tarar birnin ma da irin lissafinsa yake rayuwa. Sao Vicente busasshen tsibiri ne, duwatsu jajaye, ruwan sama ɗan kaɗan. Ruwan famfon Mindelo daga teku ake ɗebo shi, a cire masa gishiri da injin da ke shan wuta mai tsada. Kayan lambu da yawa da ke kasuwar birnin, ayaba da gwanda da rogo, jirgin fito ke kawo su daga Santo Antao, tsibirin da ke tsallake, tafiyar kimanin awa ɗaya. Mutanen ƙasar sun san abin da fari ke yi: yunwar shekarun 1940, zamanin mulkin Fotugal, ta kashe dubban mutane. Shi ya sa ba na jin daɗin baƙon da zai yi tsimi a teku, da ya ɗaure jirginsa a gaɓa kuma ya saki tiyo yana wanke bene da ruwan sha don kawai aljihunsa zai iya biya. Ya fi kowa sanin wahalar da ke cikin lita ɗaya.

Sauran ranar a hidima take ƙarewa. A je ofishin shige da fice a buga hatimi, a nemi mai ɗinkin ƙyallen iska, a cika tukunyar gas, a ci kachupa, fate-faten masara da wake da mutanen garin ke ji da shi. Kayan da aka sayo, tun a kwalekwale ake raba su da kwali, don kyankyaso a kwali yake ɓoye ƙwansa, idan kuma ya shiga jirgi fitar da shi aiki ne. Tumatir ɗanye ake zaɓa, ya riƙa nuna a hanya. Albasa da lemo a raga ake rataye su, su sha iska.

Jirage da dama yanzu suna da injin tace ruwan teku. Duk da haka, ana jajibirin tashi za ka ga masu su suna ɗaure jarkoki cike da ruwa a gefen bene, sun lissafa wa kowane mutum abin da zai sha har su isa, da ƙarin kwanaki ko iska za ta kwanta. Injin na iya tsayawa a kwana na biyar, kuma tsakanin Mindelo da Karibiyan babu inda ake sayar da kayan gyara.